Babban Yatsan Baba

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Sun liƙa fasta a ƙofar ajina, daidai inda nake manna jadawalin shara. Mai Tsani ne, shugaban garin nan da ke neman zarcewa, yana ta washe haƙora kamar an yi masa albishir. Na ce da hedimasta a cire. Ya ce, “Malama, ki rufa mini asiri. Saura mako uku, ki yi kamar ba ki gani ba.”

Fuskarsa ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ginin da ke bayansa a hoton, asibitin unguwarmu. Sun shafa masa sabon fenti, sun ɗauki hoton ta gefen da ba a ganin kwaɗon da ke ƙofa.

Ba zan yi zaɓe ba. Na rubuta a nan ne saboda in na fara sanyi in dawo in karanta.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Laraba ce. Ta bayan kasuwa na bi, tafiya da dawowa. Ya fi nisa, amma ba ya bi ta gaban asibitin.

Alhamis, bayan la'asar

Baba ya kira ni ina wanke-wanke. “Auta, laluba mini aljihun babbar rigar nan, katin zaɓena yana ciki?” Yana ciki, a naɗe cikin leda, tare da na Mama. Na zare nasa na miƙa masa, nata na mayar.

Shekara shida ke nan da idonsa ya tafi. Dokar zaɓe ta ce wanda ba ya gani zai iya zuwa da mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya shiga da shi bayan labule, ya kai masa yatsa inda yake so. Zaɓen da ya wuce Mama ce ta kai shi. Tana tafe tana mita, “Mutanen nan ko sunanka ba su sani ba,” shi kuma yana dariya, ta je ta ɗora masa yatsa a kan tsani ta dawo.

Ya ce, “Bana ke za ki kai ni.”

Na ce, “Baba, ni fa bana ba inda za ni.”

“Ba ke na ce ki yi ba. Ni za ki kai.”

“Tsani dai?”

“Da wa?”

Na ce, “Baba, su ne fa.” Ya juyo da fuskarsa inda muryata take, ya ce, “Su ne me?” Na koma kan kwanukana. Har na fasa kofin shayin baƙi, kuma ban ji haushin fasa shi ba.

Juma'a, bakwai saura kwata na safe

Kullum sai ya tambaya, “Cokali nawa kika sa?” Likita ya ce a rage masa sukari. In ce, “Ɗaya.” Ya yi tsaki, ya ce shayin marasa gata, ya shanye. Maigidana da muka yi waya jiya ya ce me zai hana in riƙa cewa biyu a zauna lafiya. Ba zai gane ba, yana can garin da yake aiki. Wata huɗu ke nan da na dawo gidan nan, ni ke karanta wa Baba sunan magani, ni ke gaya masa wanda ya shigo da wanda ya fita, ni ke ce masa rigarsa ta yi datti. Abin da na faɗa shi ne abin da ya gani. Ban taɓa sauya masa ko kalma ɗaya ba, shi ya sa ba ya tambaya sau biyu.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya zo, da hula mai hoton makulli, da riga mai hoton makulli, saura kaɗan ya rataya kwaɗo a wuya. Shi ne ke tara wa Mai Makulli, abokin hamayyar Mai Tsani, jama'a a unguwarsu, muryarsa har ta dishe.

Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ce, “Baba, tunda Auta ta ce ba ta fita, ni zan zo da mota in kai ka.”

Baba ya yi dariya har da tari. “Kai? In ka riƙe mini hannu ai na san inda zan kwana. Auta ba ta da kowa a cikinsu, ita na zaɓa.”

Yaya ya biyo ni madafa. Wai duk wanda ya zauna a gida, Mai Tsani ya zaɓa. Na ce to ku a shekara takwas ɗin da kuka yi kafin su, me kuka yi? A zamaninku ma asibitin ko rufi ba shi da shi, awaki ke kwana a ciki. Su Mai Tsani suka yi masa rufi suka kulle. Ba cinya ba, ƙafar baya. Ya ce aƙalla dai a hukunta wanda ya yi na yanzu. Na ce in hukunta shi da ba ku lada?

Sai ya sassauta murya. “Ke ce fa za ki riƙe hannun. Layi biyu ne kawai tsakanin tsani da makulli. Wa zai sani?”

Na ce, “Yaya, fita mini daga madafa, girmanka na zubewa.” Ya fita yana cewa ni ban san ciwon uwata ba. Ni. Ni da na riƙe kanta a cinyata a bayan motar. Shi yana ina ranar Larabar nan? Yana wurin taro.

Lahadi, tsakar rana

Ban dafa komai ba. Burodi muka ci.

Talata, ƙarfe uku na rana

A ofishin malamai akwai wanda muke kira Malam Rediyo, don ba a kashe shi sai dai a bar masa ɗakin. Kwanan nan tashar guga yake kamawa. Guga ita ce alamar wata ƙaramar jam'iyya da ko ofishi ba ta da shi, 'yar takararsu wata tsohuwar nas ce da ta yi ritaya.

Ya ce, “Malama, mutum irinki mai ilimi ya ce ba zai yi zaɓe ba? Ƙauracewa ai ba magana ba ce. Wanda ya ƙi fita don fushi da wanda barci ya kwashe, layi ɗaya ake rubuta su.”

Na ce, “Wanda ya zaɓi guga fa, a wane layi ake rubuta shi? Na masu zuba ruwa a kwando?”

Ya ce da haka ake farawa. Na ce tun ina 'yar firamare nake jin da haka ake farawa, har yau ban ga inda aka kai ba. Malamar lissafi ta ce mu yi wa Allah mu bar ta ta duba jarrabawa. Duk hanya ina ba shi amsa a raina, amsoshi masu kyau, waɗanda ba su zo mini ba lokacin da yake gabana.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ta bayan kasuwa.

Alhamis, bayan an tashi

An yi ruwa. Mun kwashe benci shida zuwa gefen taga, mun jera roba uku a tsakiyar aji, na koyar da jam'in suna ina ɗaga murya a kan ɗigar ruwa. Shekara uku ina rubuta takarda a kan rufin nan. Ana cikin haka ma'aikatan zaɓe suka zo duba wuri, wai ajina ne zai zama rumfa. Babbansu ya ɗaga kai ya kalli kwanon, ya ce da na bayansa, “A sa teburin akwati a kusurwar can, nan yana yoyo.” Ko kallon yaran bai yi ba.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai Guga ta shigo layinmu da ƙafa, ita da mata biyu, ba lasifika ba mota. Gajeruwa ce, takalminta ya ci ƙura. Na so in shige gida, ta riga ta gan ni.

Ta ce, “Ke ce 'yar marigayiya ko? Na ji abin da ya faru. Allah ya jiƙanta.” Na ce amin. Ta ce, “Shekara sha tara na yi a asibitin nan. Abin da ya same ta, da akwai mutum a ciki, allura ɗaya ce za ta riƙe ta har a kai babban asibiti.”

Na sani. Likitan can ma haka ya ce, da muka isa bayan awa guda da rabi. Ban buƙaci a sake gaya mini ba a bakin ƙofa, da tsintsiya a hannuna.

Na ce, “Hajiya, za ki ci?”

Ta ce, “Da wuya.”

“To don me?”

“Don su ƙirga su ga akwai mu.”

Na ji haushinta da ba ta yi mini ƙarya ba, na ji haushin kaina da hawaye ya zubo mini a gaban maƙwabta. Baba yana ciki yana jin komai. Da na shigo ya ce, “Mutuniyar kirki ce. Sai dai kirki ba ya cika akwati.”

Lahadi, bayan azahar

Na zauna na tambayi Baba kai tsaye, me tsani ta taɓa yi masa. Ya ce yana saurayi aka fasa masa kai saboda ita, lokacin da masu ita talakawa ne irinsa, suna taro a ƙarƙashin bishiya. Ya nuna mini tabon, kamar ban san shi ba tun ina goye. Na ce waɗancan duk sun mutu, Baba, waɗannan sunan kawai suka gada. Ya ce, “Gida in ya yi yoyo ba a barinsa ga haya.” Na ce ai ba su bari ka hau rufin. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce, “Baba, kai da ko ni ba ka hangowa?” Ya yi ta dariya har ya riƙe ciki, ni kuma raina a ɓace.

Bai taɓa ambaton ranar ba. Ko sau ɗaya. Yana zaune a gaban motar, yana ji ina dukan ƙofar ƙarfen nan da dutse, yana ji mai shagon gefe yana cewa ai tun ranar da aka yanka ƙyalle ba a sake buɗewa ba. Ya ji duka. Kuma tsani.

Litinin, shida na safe

Maganar Yaya ta ƙi fita daga kaina. Ba don makulli ba, Allah ya kiyaye.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. In na kai yatsansa kan guga, an rage wa tsani ɗaya, an ƙara wa matar nan ɗaya. Ba zai sani ba, zai dawo gida da farin cikinsa. Ban cuce shi ba, ai don matarsa na yi. Wane ne zai ce laifi ne?

Na karanta abin da na rubuta. Sak muryar Yaya.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ta bayan kasuwa. Sun toshe hanyar da motocin kamfe, suna jefa huluna, mutane suna ta wawa. Na ga mai shagon nan na gefen asibiti da hula biyu, ta tsani a kai, ta makulli a hammata.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

An kafa samfurin takardar ƙuri'a a allon sanarwa. Tsani a sama, makulli na uku, guga can ƙasa, ta bakwai. Na tsaya ina kallo har hedimasta ya ce ko na ga kuskuren rubutu ne. Na auna da yatsana. Da nisa, amma hannun tsoho ba nauyi.

Da na dawo Baba ya ce in goge masa babbar rigar. Na goge har sau biyu, kamar wadda za ta kai shi biki.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Malam Rediyo ya same ni ina cire zanen yara daga bango kafin masu zaɓe su karɓi ajin. Yana ta kame-kame, can dai ya ce, “Malama, na yi tunani. An ce tsani da makulli kan-kan-kan suke. Kada mutum ya yi asarar ƙuri'arsa. Bana dai makulli, guga sai wani zagaye.”

Na ce, “Ba kai ka ce da haka ake farawa ba?”

Ya ce, “Ai ana farawa, amma ba gobe ba.”

Na ce ya riƙe mini kujera in sauko, kada in faɗo masa a ka da gangan. Mako biyu yana cika mini kunne, yau ya bar ni da guga a hannu. Yanzu in na zauna a gida na zama mai barci, in na zaɓi guga na zama mai asara, in na zaɓi makulli na zama Yaya. An gudu ba a tsira ba.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Baba ya riga ni shiryawa. Yana zaune da sandarsa da katinsa. Na sa nawa katin a jaka, ban san dalili ba.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Mun dawo. Dole in rubuta.

Layi ya kai har bakin famfo, sai dai aka ce tsofaffi su wuce gaba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa cikin wakilan jam'iyyu, ya kalle ni ya ɗaga gira. Na ɗauke kai. Malamar zaɓe ta duba katin Baba, ta tambaye shi da ƙarfi kamar kunnensa ne ya mutu, “Baba, wa ka yarda ya taimaka maka?” Ya ce, “'Yata. Ga ta nan.” Ta rubuta sunana, ta miƙo takarda.

Labulen a kusurwar da nake tsayar da masu surutu suka kafa shi. Muka shiga. Na shimfiɗa takardar, ya dafe samanta da hannun hagu don kada ta motsa. Na kama babban yatsansa na dama, na danna a tawada. Fatar duk ta saki, yatsan yana hannuna ba ya ja ba ya turjewa.

Na wuce tsani. Na wuce makulli. Na yi ta sauka da hannun har kan guga, na tsayar. Yatsan yana rataye a sama, tawada tana ƙyalli.

Sai ya ce a hankali, “Nan ne, Auta?”

Kalma ɗaya ce. Na buɗe baki. Na kalli fuskarsa, yana fuskantar bango, yana jira, irin jiran da yake yi kullum in na ɗauko kwalbar magani.

Na ce, “A'a, Baba. Ba nan ba ne.”

Na mayar da hannun sama, na ɗora a kan tsani. Na ce, “Nan ne.” Ya danna da ƙarfinsa. Ni na ninke takardar, ni na kai hannunsa bakin akwati. Na taya shi zaɓar mutanen da suka kulle ƙofar nan, da hannuna, ina kuka ba sauti.

Na zaunar da shi a bencin 'yan ajina a inuwa, na koma na bi layi awa biyu. Na dangwala wa guga. Ban ji sanyi a raina ba, ban ji na yi wani abin kirki ba. Na dai ji cewa tawa ce.

Asabar, bayan la'asar

Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya riƙe kofin, ya ce, “Zauna.”

Na zauna.

Ya ce, “Na san ba nan ba ne. Hannuna na hagu yana saman takardar, na ji nisan da kika yi da ni.”

Na ce, “To me ya sa ka tambaya?”

“Da kin ce nan ne, da na dangwala. Ba zan kunyata ki a gaban mutane ba.” Ya ajiye kofin. “Sai dai daga yau, ko cewa kika yi gari ya waye, sai na nemi wani ya duba mini.”

Can ya ce, “Kina ganin ban ji ƙarar dutsen nan ba? Har yau ina jin ta. Ban yafe musu ba, Auta. Amma ita ta saba kai ni can, ban iya zuwa wani wuri ba ita.”

Shi ne karo na farko da ya ambace ta tun da aka ɗauke ta daga gidan nan. Na kifa kaina a gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kaina, har tawadar ta ɓata mini ɗankwali.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

A ajina tsani ta samu ɗari biyu da sha huɗu, makulli ɗari da casa'in, guga tara. Na so in san sauran takwas ɗin. Yaya bai kira ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Tsani ya zarce. Suna ta yawo da babura suna ihu. Benci biyu sun karye a ajina, an bar mini ledoji da kwalabe, ni da yara muka share. Har yanzu ina jin haushi, na kowa da kowa, kuma ban san ko nan da shekara huɗu zan sake fita ba.

Da na dawo na tarar da Baba a tsakar gida, ya ɗaga fuska sama.

Ya ce, “Auta, hadari ne ko kunnena ne?”

Na duba. Na ce, “Hadari ne, Baba, ya haɗu sosai ta gabas.”

Ya ce, “To kwashe shanya.” Ya miƙo mini hannu, na shigar da shi ɗaki.